Allurar da Sanusi ya kawo

Isaka ɗan dako ne a kasuwar Katako tun yana saurayi. Gemunsa ya yi fari, har yau shi ke ɗora katakai bisa kamiyo, babbar motar kaya. Ba ya zaman fada, ba ya gardamar ƙwallo. Abin da ya tara a duniya platin biyu ne na juya faifai, da amfili mai ƙara sauti, da akwatin fayafayen garmaho a gidansa na unguwar Kirkissoye. Ran Lahadi da la'asar yakan fito da su ƙarƙashin rumfa. Kafin wannan faifan ya ƙare ya riƙe wancan da yatsa, ya ja shi baya, ya sake shi daidai inda ganga ta faɗi. Maƙwabta su ji ko kada su ji, ba ruwansa.

A akwatin akwai ƙaramin faifai guda da ba ya bari kowa ya taɓa. Wasu makaɗan Damagaram suka yi shi, kuma mahaifinsa ne ke kaɗa kalangu a ciki. Tsohon bai bar ko hoto ba. Kiɗan nan kaɗai ya bari.

Da allurar platin ɗaya ta cinye, Isaka ya zaga kasuwar Katako da ta Lazaret bai samu ba. Sai ya je wurin Sanusi, ƙanin matarsa Kadi, mai zuwa Lome sarin kaya.

"Iri biyu ce," in ji Isaka. "Akwai mai siririn baki, ta masu zama su saurara. Akwai mai dunƙulallen baki da taurin wuya, wadda ko ka ja faifai baya ba ta tsalle. Ita nake so. Ɗauki tsohuwar ka nuna musu."

"Haba Yaya, ni za ka koya wa kasuwa? Riƙe tsohuwarka."

Sanusi ya dawo da mai siririn baki, yana ta cika baki wai mai kanti ya ce ita ce ta ainihi. Isaka ya ɗaura ta, ya ja faifai baya, ta yi tsalle kamar fara. Ya rufe platin da zane, ya ce kada wanda ya kunna.

Ranar sunan jikarsa, ana gama raɗin suna da safe ya tsallaka gada zuwa Katako, don kamiyo ba ya jiran mai biki. Da la'asar ya dawo, kafaɗarsa duk ƙaiƙayin katako. Tun daga bakin layi ya ji kalangun mahaifinsa, amma kamar ana soya kifi a kansa.

Tsakar gida cike da mata. Sanusi na tsaye bayan platin da baƙin tabarau, yana tura ƙaramin faifan gaba da baya. Don allura ta daina tsalle, ya manna tsabar kuɗi biyu a kanta da cingam. Nauyin ya danne ta, tana noman faifan. Inda ta bi ya koma ruwan toka, baƙin gari na taruwa a bakinta.

Isaka ya zare wayar wuta.

"Wa ya buɗe akwatina?"

"Yaya, ka ga dabara? Tun azahar ba ta yi tsalle ba."

"Na ce wa ya buɗe akwatina?"

Mata suka kwashe da dariya. A wurinsu mijin yaya da ƙanin mata ne ke wasan da aka saba. Wata tsohuwa ta ce, "Abokin wasanka ne, Isaka. Ai ba a fushi da ƙanin mata. In ya yi ɓarna sai ka ƙara masa nama."

Kadi ta matso, ta rage murya. "Baban Nasiru, don Allah, akwai baƙi."

Da wani ne ba Sanusi ba, da tuni ya sha ƙasa. Isaka ya jawo kujera ya dire ta gaban amfili.

"Zauna."

Sanusi ya zauna yana murmushi, yana ƙifta wa mata ido. Isaka ya ɗauke faifan, ya hure garin, ya ɗora shi a ɗaya platin mai lafiyayyar allura, ya mai da wuta. Aka ji shuuu, aka ji ƙas ƙas, kalangu na can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Daidai wurin da sauran makaɗa ke yin shiru su bar tsohon shi kaɗai, allura ta maƙale. Bugu ɗaya ta yi ta maimaitawa.

Sanusi ya cire tabarau. "Zan samo maka wani a Lome, wallahi."

"A wane kanti ake sayar da ubana?"

Dariya ta ɗauke. Sanusi ya yunƙura zai tashi, Isaka ya dafa kafaɗarsa da hannun da ke ɗaga katako, ya mai da shi kujera.

"Kai ka zaɓo allurar. Saurara."

Mata suka fara neman takalmansu ɗaya bayan ɗaya. Isaka bai ɗaga allurar ba sai da aka kira sallar magariba.