A-kori-kurar Malam Barau

Wata rana na kai motata wani gareji a Funtuwa, birki yana ta yi min kuka.

Bakanike ya ce in nemi wuri in zauna, sai ya sallami wanda ke gabana.

Duk inuwar wurin an cika ta. Can gefe na hango wani dattijo zaune a bayan wata tsohuwar a-kori-kura. Ya shimfiɗa tabarma a ciki, ga buta, ga ƙullin kaya, ga gidan sauro a naɗe.

Ya matsa min. Na hau na zauna.

Yaran yanzu ba lallai ku san darajar wannan ƙaramar motar kaya ba. A da ita ce jakin ƙauye. Ita ke kai tumatir kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke dawo da taki. Yanzu ku duba titi, sai manyan nan masu ƙofa huɗu da ake jerawa a bayan masu mulki. Ƙananan sun ƙare, ba a kawo sababbi.

Wannan da muke zaune a kanta gabanta a buɗe yake. Babu inji, rami ne kawai. Ciyawa ta fito ta zagaye tayoyin.

Sunan dattijon Malam Barau.

Ya ce ƙauyensu yana bayan dutse. Hanyar ta ratsa tsakanin wasu duwatsu biyu, sannan ta hau wata siririyar gada. Babbar mota ba ta shiga. Wannan a-kori-kurar kaɗai ke shiga ta fito da kaya, tun mahaifinsu yana da rai.

Tun kafin azumi injin ya buga, tana ɗauke da tumatirin mutane. Aka jawo ta nan.

Na ce to me ya hana a gyara?

Ya ce motar ta gado ce. Su uku ne. Shi ne babba, shi ke tuƙa ta, amma ƙannensa biyu da ke cikin gari, Isyaku da Mamuda, su ne masu hali.

Isyaku ya ce zamani ya canza, a jefar da tsohon inji a saka na Beljiyam mai injekta, wanda ba ya shan mai sosai. In ba haka ba, ba da shi ba.

Mamuda ya ce a gyara tsohon mai kafireta, wanda kowane bakaniken ƙauye zai iya kwancewa a gindin bishiya. Mai injekta in ya tsaya a daji sai an ɗauko kwamfuta daga gari. Ya ce duk wanda ya canza injin babansu, bai yafe ba.

Kowa ya kafe.

Malam Barau ba zai iya sayar da ita ba, ba tasa ba ce shi kaɗai.

Ba zai iya gyara ta ba, ba shi da ƙarfin.

Ba zai iya sayen wata ba, babu irinta a kasuwa.

Kuma ba zai iya tafiya gida ba.

Wannan ne ya fi taɓa ni. Ya ce da farko ya taɓa komawa ƙauye ya yi Juma'a. Da ya dawo ya tarar an kwance fitilun gaba da lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. Kayan irin wannan mota sun yi wuya, duk mai irinta ido yake zubawa. Tun daga ranar ya ɗauko tabarmarsa ya tare a bayanta.

A nan ya yi azumi. A nan ya yi sallah. An yi sunan jikarsa ta fari, a waya ya ji sunan da aka raɗa mata.

A ƙauye kuwa, babur ke jigilar tumatir kwando bibbiyu, sauran ya ruɓe a gona. Wata maƙwabciyarsu da ciwo ya kama, a amalanken shanu aka fito da ita bakin titi.

Muna cikin maganar sai ga ƙannen nasa, kowa a kan mashin ɗinsa.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau."

Shi ke nan gaisuwar. Suka wuce gindin darbejiya suka ɗora daga inda suka tsaya.

Isyaku ya zaro waya yana nuna bidiyon wani da ya saka injekta. Mamuda ya ce ai mai bidiyon a kan kwalta yake, ya zo ya hau dutsensu ya gani. Kafin ka ce me, garejin ya rabu biyu. Mai faci ya ajiye aikinsa. Mai walda ya kashe wuta. Wani direba ya ce dukkansu sun yi kuskure, na gas ya kamata a saka. Har bakanikena ya bar birkina ya shiga.

Kowa yana da hujja. Wallahi wasu hujjojin ma masu kyau ne.

Amma babu wanda ya waiwayo ya kalli mutumin da ke kwana a cikin motar.

Na juya na ce masa:

"Baba, kai wane injin kake so?"

Ya dube ni ya ce:

"Ɗana, tun da aka fara maganar nan kai ne ka fara tambayata. Ni wanda zai kai ni gida nake so."



Aka gama min birki, na yi masa sallama na tafi. Na bar su suna musu.

Bayan damina ta ɗauke, hanya ta sake bi da ni ta garejin. Wurin da motar take fayau, sai tabon baƙin mai a ƙasa.

Raina ya yi fari. Na ce wa bakanike, alhamdulillahi, an gyara ke nan?

Ya girgiza kai.

Ya ce wata gwaggonsu ce ta taso daga ƙauye da sandarta, ta zaunar da ƙannen biyu, ta yi musu tatas. Suka sauko, suka amince a kan inji ɗaya. Har an je an kawo shi.

Da aka ɗaga motar za a ɗaura, sai aka ga ƙasanta. Ruwan damina ya kwanta a ƙarƙashinta wata da watanni. Tsatsa ta cinye ƙarfen da inji ke zama a kai, ana taɓawa yana marmashewa.

Bakanike ya ce ko injin jirgi aka saka mata ba za ta sake ɗaukar kaya ba.

Aka nemi wata gangar jikin a Kano, aka nema a Kaduna. Babu. Waɗanda suka rage a hannun mutane, masu su ba sa saki.

Ƙarshe 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo da abin yankan ƙarfe.

Na tambayi inda Malam Barau yake. Aka ce in duba tasha.

Na same shi a can, da furfurarsa, yana ɗaure kaya a kan motar wani. Ya gane ni. Muka gaisa. Na ce Baba ai na ɗauka ka koma gida.

Ya ja igiyar ya ƙulle, bai kalle ni ba.

Ya ce, "Mutanen ƙauye sun san ana gyara. Kullum suka kira sai in ce an kusa. Ban san da wane baki zan ce musu an yanka ta ba."

Ƙannen kuwa, an ce yanzu ba sa ga maciji. Kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya ja.

Darasi:

Ana iya samun gaskiya a bakin kowa, a kuma yi asarar komai. Abin da kuke musu a kansa ba zai zauna yana jiranku ba.

Kafin ka kafe a kan ra'ayinka, waiwaya ka ga wa ke kwana a waje saboda kafewar taka. Tambaye shi me yake so. Wataƙila iyayenka ne, wataƙila matarka, wataƙila yayanka da kunya ta hana shi magana.

In akwai wata magana da ta tsaya a gidanku don kowa ya ƙi saukowa, tura wannan zuwa zauren danginku yau. Wani Malam Barau yana can yana jira.