Malam Labbo da Rufin Laburare

Kafin Malam Labbo ya sa makulli a ƙofar ɗan laburaren da ke bayan kasuwar Sabon Birni, sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. In akwai hadari, ba zai zauna ba sai ya jera robobin wanki a ƙarƙashin wuraren da kwano ke yoyo, ya janye kantar littattafan yara daga jikin bango. In gari ya yi garau, sai ya yi shara, ya shimfiɗa tabarmi, ya buɗe tagogi. Haka yake tun gashinsa na baƙi, ga shi wata mai kamawa zai yi ritaya.

Duk shekara akan yi babban taron masu kula da laburare a birni. Yadda hanyarmu ta lalace da tsoro, abokan aikinsa na wannan yanki sun daina zuwa, kuma ba mai ganin laifinsu. Shi kam sai ya yi addu'a ya shiga mota. Yakan zauna can baya da 'yar wayarsa mai fasasshen gilashi, ana tashi ya rubuta abin da aka tattauna da Hausa, ya ɗora a shafinsa na intanet. Ba ya ƙyale kowa: wanda ya faɗi abin amfani ya yaba masa, wanda ya zo cin shinkafa da ɗaukar hoto ya tsokane shi da ladabi.

Malama Hafiza, mai kula da laburaren wata makaranta a Isa, ta ce da ni: "Mu da ba mu iya hita, shi na idonmu. Ga shafinai nig ga yadda ake zaunar da yara a karanta musu labari da murya. Munka gwada da ɗiyan da anka koro daga ƙauyuka, yanzu ko an tashi ba su son tahiya."

A wani taro, bayan an watse, ya ga leburori sun sauke ƙaton ƙyallen roban da aka rataya a bayan manyan baƙi, za su kai bola. An buga hotunan manya a jiki, da taken taron, wai Laburaren Gobe. Malam Labbo ya shafa ya ji kaurinsa, ya roƙa, aka ba shi. Da ya iso gida, shi da maƙwabcinsa Wada mai kabu-kabu suka hau rufi suka shimfiɗa shi, suka danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Aka kwana ana ruwa, ko ɗigo bai taɓa littattafan yara ba. Don murna ya ɗauki hoton rufin ya sa a shafinsa, ya rubuta cewa taron nan kam ya yi amfani, Allah ya saka wa waɗanda suka shirya.

Da zuciya ɗaya ya rubuta, amma hoton ya bazu, mutane suka yi ta dariya. Ga fuskar wani babba na can sama a harkar tana murmushi tana kallon sararin samaniya, taya a kan hularsa, tantabaru kuma sun yi abin da suka saba.

Aka kira shi birni. Mai karatu, ka san abin da ke ƙona min rai? Ba wanda ya tambaye shi tun yaushe rufin ke yoyo. Ba wanda ya ce a aika kafinta ya duba. Abin da ya dame su shi ne kashin tantabara a kumatun babba. Aka ce ya sauke ƙyallen, ya goge hoton, ya ba da haƙuri a bainar jama'a.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam Labbo ga babban da fuskarsa ke jikin ƙyallen, "hoto za ni goge shi yanzu gabanka. Haƙuri kuma za ni rubuta, duniya ta gani. Amma ƙyallen ga, don Allah ku bar min shi. Littattafan yara na ƙarƙashinai."

Babban ya yarda, da sharaɗin a kife fuskar ta dubi kwano, kuma kada a sake ganin ƙafarsa a taro. Dattijo mai jikoki ya zauna ya rubuta a shafinsa cewa ya yi rashin tarbiyya, yana neman gafara. Waɗanda suka gama dariyar hoton suka koma yi masa dariya.

Ranar da suka hau kife ƙyallen, Wada ya kasa haƙura. "Malam, wai mi kay yi da za ka ba su haƙuri?"

"Riƙe can gefen, Wada. Ni in na jiƙe ina bushewa, takarda kuwa ruɓewa takai."

Tun daga nan ba labarin taro a shafinsa, su Malama Hafiza sun koma cikin duhu. Littattafan dai suna nan a bushe, yara na karantawa.

Malam Labbo, kai ne ka bi hanyar da kowa ke tsoro don ka ɗebo wa 'yan'uwanka ilimi. Kai ne ka haɗiye wulaƙancin da ba ka cancanta ba don kada ruwa ya ci karatun yaran da aka raba da gidajensu. Ba ka yi rashin tarbiyya ba, kuma ina so a rubuta wannan tun kana da rai kana ji. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai albarka.

Mu kuma mutanen Sabon Birni da Isa, kada mu sallame shi da tafi da takardar yabo. Wada ya hau rufin makon jiya, ya ce rana ta cinye roban, da ya danna yatsa sai ya wuce. Damina ta kusa. Malam Labbo ya riga ya ba da mutuncinsa a kan rufin nan. Mu abin da ake nema a wurinmu kwano ne da ƙusa.