Damaris da Firjin Rigakafi na Kakau

Damaris Bulus 'yar Kakuri ce, 'yar wani tsohon ma'aikacin masaƙa da aka sallama tun tana firamare. A shagon buga takardu ta fara taɓa kwamfuta, daga baya ta yi karatun abin, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja. Aikinta gwaji: takan rubuta ƙananan shirye-shirye masu tsokanar manhaja, a ga ko za ta yi abin da aka gina ta dominsa.

Tana hutun haihuwa kamfanin ya kammala wata manhaja mai lura da firjin allurar rigakafi. In firji ya ɗau zafi, sai ta tura wa nas saƙo a waya. Aka kafa ta a wani ƙaramin asibiti ta wajen Kakau. Wata Asabar aka ɗauke wuta, rigakafin yara kusan ɗari biyu ya lalace. Nas Patience, mai kula da firjin, ta rantse ba ta ga saƙo ba. Aka dakatar da ita, wai ta goge shi ne don ta rufe sakacinta. Hujjar kamfanin ɗaya ce: manhajar ta ci kowane gwaji.

Ranar da Damaris ta dawo ta buɗe gwaje-gwajen, waɗanda shugaban sashensu Harrison ya rubuta a bayanta. Kafin azahar ranta ya gama ɓaci.

A cikin manhajar akwai wata alama da aka kulle da gangan, mai cewa "akwai zafi" ko "babu". Manhajar ce kaɗai ya kamata ta juya ta, bayan ta karanta ma'aunin zafi. Shi kuwa Harrison sai ya sa gwajinsa ya kutsa ciki, ya juya alamar da kansa, sannan ya duba ko saƙo ya fita. Ya fita mana! Amma ko sau ɗaya ba a ba manhajar awon zafi an ga yadda za ta yi da shi ba.

Ta same shi a teburinsa.

"Oga, wa ya gwada ɓangaren da ke karanta ma'auni?"

"Wannan ai a fili yake, layi huɗu ne. Lokaci ya ƙure mana."

"Kai ka ba ta amsa, kai ka yi mata maki. Kuma mace tana zaune a gida ana ce mata maƙaryaciya!"

"Madam, sassauta murya. Kowa na yin haka."

Ba ta sassauta ba. A gabansa ta rubuta sabon gwaji, ta tura wa manhajar digiri goma sha biyu, zafin da ya isa ya lalata rigakafi, ta hanyar da ma'aunin gaske ke bi. Shiru, saƙo bai fita ba. Ashe da zarar lamba ta kai goma, lambar farko kawai manhajar take karantawa: sha biyu ya zama ɗaya, firji lafiya lau.

Manajan kamfanin ya so a gyara a ɓoye. Damaris ta ce in ba su rubuta wa asibitin ba, ita za ta hau keke napep ta kai takardar da hannunta. Sai da aka yi kwana shida suka rubuta, suka kira abin "ƙaramar matsalar fasaha".

Patience ta koma bakin aiki, ba wanda ya ba ta haƙuri. Harrison na nan a kujerarsa. Damaris kuwa yanzu duk gwajin da ya taɓa abin da aka kulle, mayar wa mai shi take yi, ko na wane ne. A ofis suna ce mata mai jawo jinkiri. Ta ji, ba ta kuma daina ba.