Jan Gishirin Wiebke Harms

A sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar garinmu, kowa ya san Dakta Wiebke Harms da gani, amma ba wanda zai ce maka ya taɓa shan kofi a gidanta. Doguwa ce, siririya, furfura ta kama ta tun lokaci bai yi ba. Da keke take zuwa aiki ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, abincin ranarta baƙin burodi da cuku, a tsaye take cinye shi bakin taga. A aljihun ƙirjinta kullum akwai ɗan cokalin ƙarfe mai faɗin baki, irin wanda masu wannan sana'a ke ɗiban garin sinadari da shi. Kowannensu da nasa, kuma gara ka roƙe shi aron mota da ka ce ya ba ka cokalin. Nata tun tana ɗaliba suke tare. Da safe hannunta ne ke jefa shi aljihu, ba ya ma shawartar ta.

Tana kan ganiyar ƙuruciya sa'a ta leƙo ta. Akwai wani sinadari da duk duniya ta san shi rawaya ne. Wata safiya ta duba gindin kwalbarta ta tarar ya fito ƙwayoyi ja wur, masu sheƙi kamar gishiri. Abu ɗaya ne da rawayan, zubin cikinsa ne kawai ya sha bamban. Ta sake haɗawa, ya sake fitowa ja. Aka buga maƙala a babbar mujalla, sunanta a farko, na Farfesa Ortwin Dallmann a ƙarshe, kamar yadda aka saba: na farko shi ya yi gumin, na ƙarshe shi ke da ɗakin. Nan da nan masana suka raɗa masa suna jan gishirin Dallmann. Farfesa ya yi ta hawa jirgi yana shan tafi, ita kuwa tana nan tana wanke kwalabe, kuma wallahi a lokacin ba ta damu ba.

Sai abin ya juye. Wasu a Faransa suka bi bayaninta daki-daki, suka samu rawaya. Na Ingila ma rawaya. Ita kanta da ta koma ta nuna musu yadda ake yi, rawaya ya fito mata. Masu sana'ar sun san wannan masifa: ƙurar rawayan ko da ido ba ya ganinta, in ta shiga ɗaki, duk abin da aka haɗa a ciki ita zai bi, kamar yadda ɗigon tsami ke juya madara. Tana maƙalewa a gashi, a labule, a ɗinkin riga. Sun sani sarai, amma sani daban, son faɗa daban. Aka buga cewa an kasa maimaita aikin, kuma tun daga ranar, ba tare da an yi taro ba, sunansa ya koma jan gishirin Harms. Farfesa ya tsame hannunsa tsaf.

Ba wanda ya taɓa ce mata maƙaryaciya ido da ido. Mutanenmu ba sa haka. Shiru suke yi maka cikin ladabi har ka tsufa. Ta nemi kujerar farfesa a jami'o'i da dama, ko'ina a yi mata godiya a ɗauki wani. Ta zauna ƙarƙashin Dallmann, maƙala bayan maƙala, sunanta a tsakiya inda ido ba ya tsayawa. Ɗalibai in gwajinsu ya lalace sai su ce ya bi jan gishirin Harms, su yi dariya ƙasa-ƙasa. Tana ji. Abin ya ci mata rai fiye da yadda ta taɓa gaya wa kowa.

Sheda ɗaya ta rage mata: 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, mai ɗauke da ragowar jan, da ta narke bakinta da wuta ta toshe tun wancan lokacin, tana can ƙuryar firji, ja wur har yanzu. In ana son auna abin da ke ciki sai an fasa ta, kuma sau ɗaya ake fasawa. Tsoro ya hana ta. Shekara talatin da 'yan kai tana buɗe firji ta dube ta, ta rufe.

Da Dallmann zai yi ritaya, ya kira ta ofis. Duk tsawon zaman nan ba su taɓa kiran juna da sunan yanka ba.

"Dakta Harms, sabon farfesa da mutanensa zai zo. A share yake son ɗakunan, har firji."

"Har kwalbata, Farfesa?"

"Haba, baiwar Allah. Wa ke tuna wannan magana yanzu?"

"Ni."

Ya yi ta gyara takardun da ba su karkace ba, har ta fita.

Sai ta buga wa Hauke Sievers waya, abokin karatunta, wanda yanzu ke kula da na'urar awo a wani sabon gini can kudu, inda sinadarin bai taɓa shiga ba.

"Ke Wiebke! Ashe kina da rai? Na ɗauka kin daskare a firjin nan tare da 'yar kwalbarki."

"Kai dai har yanzu bakinka ya fi aikinka. Za ka auna min ko kuwa?"

"Kawo ta. Amma ki ji ni da kyau: kada ki zo min da ko zaren ɗakinku. Wanka, sabuwar riga, sabon takalmi. Gashin nan ma a rage shi."

Ta yi duk abin da ya ce har da ƙari. Ta aske gashi, ta yanke farce, ta sayi tufafi tun daga safa, ta canza tabarau. Kwalbar ta wanke bayanta, ta naɗe ta a sabon ƙyalle. A jirgin ƙasa ko ruwa ba ta iya haɗiya ba.

Hauke ya ɗaga kwalbar a hasken taga, barkwancin ya ɗauke masa. "Kai! Ashe da gaske ja ne."

"Da can ƙarya ka ɗauka?"

Ya fasa wuyan kwalbar a hankali, ya zazzage ƙwayoyin kan farantin gilashi, ya juya ya kunna na'ura. Ƙwaya ɗaya ta gangara bakin faranti tana shirin faɗuwa. Hannun Wiebke ya kai aljihun ƙirji, ya zaro cokali, ya tare ta, ya mai da ta cikin 'yan'uwanta, kamar yadda ya saba yi duk rayuwarsa.

Sai da ta ga cokalin a hannunta ta tuna da safiyar ranar, da sabuwar riga, da hannun da ba ya shawara, wanda ya jefa mata tsohon cokalin ɗakinta a aljihu.

Daga inda ƙarfen ya taɓa rawaya ya fara. Ya ci ƙwayar, ya haye ta kusa da ita, ya bi farantin sannu a hankali ba gaggawa. Hauke ya juyo ya tarar da saura kaɗan, ya kai hannu, ya rasa abin da zai kama. Suna tsaye suna kallo jan ya ƙare.

"Na gani, Wiebke," in ji shi. "Na rantse na gani da idona. Zan faɗa wa kowa."

"Wace mujalla ce ke buga 'na gani', Hauke?"

Ba ta yi kuka ba. Baƙin cikin ya wuce nan. Ta ɗauki farantin da kanta ta juye shi a kwandon sharar sinadarai, ta yi masa godiya kamar yadda ake yi wa mutum in ya ɓata lokacinsa dominka. Sannan ta goge cokalin a hannun sabuwar rigarta, ta mai da shi aljihu.