Tsagar Bangon Ɗakin Kaka

A daminar 1999, 'yan makonni bayan sojoji sun koma bariki, wata safiya ina sharar ɗakin Kaka na ja gadonta na ƙarfe, sai na ga tsaga a bango tun daga ƙasa har kusa da azara. Na zura yatsa, ya shige duka, jar ƙasa ta zubo mini a hannu. Baba ne ya gina ɗakin nan da hannunsa lokacin da ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye zuwa gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ba baƙon da zai zo bai nuna masa shi ba. A rediyo kullum cewa ake yanzu kowa yana da bakin magana, amma a gidanmu mulkin soja bai je ko'ina ba. Baba direban babbar mota ne, gyaran muryarsa kawai ya isa ya watsa mu daga wasan carafke.

Na kai wa Inna maganar tana tankaɗe. Ta zaro ido ta ce, "Rufa mini asiri! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Daga ranar, ko gajimare na gani sai na ruga na leƙa tsagar. Ina ɗiban ruwa a rijiya ina kallon bangon, ina wanke-wanke ina kallonsa.

A makarantarmu ta Tarauni akwai Malama Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, mai koyar da Turanci. A makon nan ta kawo mana kalmomin ba da shawara. Ta ce *suggest* lallaɓawa ce, wanda aka faɗa wa yana iya ɗauka, yana iya bari. *Advise* kuwa ta wanda ya san abu ce, kamar likita. Da ta zo kan *warn* sai ta ajiye alli ta ce, "Wannan ba ta tambayar shekaru. Duk wanda ya ga maciji, shi ke da ita." Ni dai na sunkuyar da kai, don na san macijina.

Tsoro ya sa na fara da lallaɓawa. Na ce, "Kaka, ko za ki dawo ɗakinmu?" Ta yi dariya ta ce ba ta gaji da ranta ba da za ta kwana da masu fitsarin kwance.

Ran wata Juma'a bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Baba yana zaure da abokansa suna gardamar siyasa, Kaka kuwa ta shige ɗaki ta kwanta. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni zauren ba, ko sallama ban yi ba. Na ce, "Baba, ɗakin Kaka zai rushe!" Ya kalle ni ya ce, "Ke kika gina shi?" Na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji ya wuce ni, ya nufi ɗakin Kaka. Ya ja gadon, ya zura hannunsa cikin tsagar har wuyan hannu, sannan ya goyo Kaka waje tana faɗa. Kafin magariba bangon ya kwanta a kan gadon, ya lanƙwasa ƙarfen.

Yau gidan na bulo ne, 'ya'yana kuma suna gyara mini magana ba ko ɗar, har wani lokaci ina kewar wannan kunya tamu. Baba bai taɓa yi mini maganar ranar ba har ya rasu. Sai dai duk farkon damina, har bayan na yi aure, yakan aiko a ce, "Ki zo ki duba mana bango." Bana ma hadari ya taso, amma ba wanda ya aiko.