Babban Kafireto a Hawan Tokoin

Jiya babur ɗin hayata ya gaza a hawan unguwar Tokoin, ina ɗauke da wata hajiya da buhun shinkafarta. Ta sauka tana cewa, "Ɗana, ashe ƙara kawai ka saya?" Kunya ta rufe ni, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Na tuna shi a garejinsa na Zongo, hannu duk baƙin mai, goro a kumatu. Ranar da na kawo masa babban kafireto da buɗaɗɗiyar salansa don ya ɗaura mini a babur, ya jujjuya su ya ce, "Waɗannan na 'yan tsere ne. Ƙarfin gudu daban, ƙarfin jan kaya daban, kai kuwa kaya ke ciyar da kai."

Bayan rasuwarsa na ɗaura su, su ne kuwa suka kunyata ni jiya. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, ni kuma Ya ba ni kunnen jin magana.