Malam Inusa Mai Neman Muryar Inna Shekara

Idan hantsi ya ɗaga a Matameye, ka bi lungun da ke bayan tashar mota, za ka tarar Malam Inusa ya riga ya share zaurensa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi, ya jera kayan aiki: tsohuwar rediyo mai cin kaset, kwamfuta, auduga, da wani fensir da bai taɓa rubutu da shi ba, aikinsa kawai naɗe zaren kaset. Sai ya wanke hannu kafin ya taɓa kaset ɗin mutum, kai ka ce tuwo zai ci. Mata da tsofaffi suna zaune a tabarma, kowa da ƙunshinsa a tsumma. Kaset-kaset ne na saƙon murya, irin waɗanda aka dinga aika wa maza a wurin cin rani a Kano da Jos da Ikko, kafin salula ta zo ta kashe musu kasuwa. Shi kuma ya juye muryar a katin da ake sa wa salula, ya miƙa wa mai ita, ya ajiye kwafi a wurinsa. Idan wutar kuran, wato lantarki, ta ɗauke, sai a jira tare, ana hirar ruwan da ya ƙi zuwa bana.

Mutanen gari suna ce masa mai gyaran rediyo, abin nan kuwa yana ba ni haushi. Shi ko a jikinsa. Har an taɓa kawo masa tocila, ya karɓa ya gyara. To ni dai na gaji da shiru, bari in faɗa muku ko wane ne wannan dattijo da kuke wucewa kuna ɗaga wa hannu.

Ɗan fari ne ga Inna Shekara mai ƙuli-ƙuli. Ya yi lakol, karatun boko, a nan, ya wuce Damagaram, lissafi ya kai shi Turai a 1974, shekarar da fari ya cinye dabbobi, soja suka karɓi mulki. Karatu ya je yi ya dawo, amma ya shiga ƙungiyar ɗalibai, bakinsa kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ba a jima ba aka aiko masa daga gida cewa sunansa ya shiga kunnen hukuma, ya yi zamansa tukuna. Tukunar nan ce ta zama rabin rayuwarsa.

Ya sami aiki a wata babbar cibiyar bincike, inda masana ke sa ƙananan ƙwayoyin zarra su yi karo da juna a cikin rami a ƙarƙashin ƙasa, don su ga me aka yi duniya da shi. Karon bai kai ƙiftawar ido ba ya wuce. Abin da ke saura shi ne sawun da ya bari, na'urori su mai da shi lambobi, a ɗauke su a kan zaren faifai irin na kaset, sai dai manya. Inusa ne mai kula da waɗannan faya-fayai. Shi ke tsara yadda za a jera su, yadda mai bincike da ke wata ƙasa zai nemi na shekarar kaza ya samu, da yadda za a kwashe su zuwa sabon faifai kafin tsohon ya mutu. Idan masana sun gano wani abu, su ake ɗauka hoto. Ba wanda ke tambayar wa ya hana lambobin ɓata.

Malama Jamilatu 'yar Damagaram, wadda ke koyarwa a jami'a a Yamai, ta yi karatunta a cibiyar nan, ita ta ba ni labarin wani abu da ya yi. An gama wani gwaji, masu yinsa sun watse, na'urar da ke karanta faya-fayansa ma an daina ƙera irinta. Aka ce wuri ya yi kaɗan, a fitar da su. Inusa bai yi gardama da kowa ba. Ya nemi izini, ya lallaɓa tsohuwar na'urar guda ɗaya da ta rage, yana cire wa wannan ƙarfe yana sa wa wancan, ya dinga juyewa a lokacin hutunsa na rana har damina da rani suka zagayo. Bayan shekaru, wata tambaya ta taso wadda tsohon gwajin ne kaɗai ke da amsarta, a cikin waɗanda suka amfana har da ita kanta Jamilatu.

Ta ce mini, “Kawu Inusa doka ɗaya gare shi, kowa ya san ta. Ba a shafe komai sai an ga ɗan'uwansa ajiye a wani gini dabam. Muna tsokanarsa muna cewa ko takardar ƙunshin burodi ce sai ya yi mata kwafi. Wallahi ba mu san inda dokar ta samo asali ba.”

Mu a Matameye mun sani. Inna Shekara ba ta karatun boko, don haka kaset ɗaya ne ke yawo tsakaninta da ɗanta. Ƙanwarsa Ladi ta ari rediyo, Inna ta zauna ta yi magana, Sallau direba ya kai gidan waya a Damagaram. Idan ya isa Turai, Inusa ya saurara, ya mai da zaren farko, ya ɗora amsarsa a kan muryarta, ya mayar. Haka kowane gida ke yi, kaset ba abin wasa ba ne a lokacin. Kuma Inna ba ta da linzami, takan zagi jar dawar taimako, ta zagi masu rabon ta, sannan ta ce, “In ka ji ka goge, kada ta faɗa hannun da ba namu ba.” Ba ta faɗin sunansa don kunyar ɗan fari, sai dai ta ce, “Kai na Turai, kana jina?”

A yunwar 1984 kaset ya zo masa kamar kullum. Ta ce masa rumbu ya ƙare amma suna nan da rai, ta ce kada ya kuskura ya taho, ta yi masa faɗa a kan rashin aure. Ya ji tana tari, bai kawo komai a ransa ba. Ya saurara, ya yi dariya a inda ta saba ba shi dariya, ya danna jan maɓalli ya shiga ba ta labarin sanyi da ƙanƙara. Kafin kaset ɗin ya iso Matameye an yi bakwai ɗinta. Bai ga gawarta ba, bai tsaya a kabarinta ba sai bayan shekaru, da abubuwa suka lafa ya sami zuwa.

Ladi ta ce ranar da ya zo, bayan gaisuwa, abin da ya fara tambaya shi ne kaset. Ta ɗauko masa daga ƙasan adaka. Ya sa, sai muryarsa ta cika ɗakin, saurayi yana cewa in Allah ya so baɗi zai zo. Ya juya ɗaya gefen, nan ma shi ne. Ya tafi da shi Turai, ya kai wa abokan aikinsa da suka san sirrin zaren faifai, ko za a tono abin da ke ƙarƙashi. Suka yi iya yinsu, suka ba shi haƙuri.

Kai ne, Malam Inusa, mutumin da aka damƙa wa amanar binciken duniya bai zubar da ko ɗigo ba, amma da yatsanka ka shafe muryar da ka fi so. Ba laifi ka yi ba, abin da kowa ke yi ka yi. Wani da ya sha irin wannan sai ya tsani kaset har abada. Kai kuwa da ka yi ritaya bara, ka bar ƙasar da ruwa ke zuba ba a roƙa ba, ka dawo garin da gero ya ƙone a gona, soja kuma sun sake hawa, ka buɗe zaure kana ce wa mutane su kawo nasu kafin zafi ya narkar da su. Na ga Malam Hamisu na Dungu, mutum mai furfura, ya toshe baki da hula da ya ji mahaifinsa yana tambayar ko an gyara dangar gida. Na ga mata sun fito daga zaurenka riƙe da salula a kunne, ba sa ganin hanya.

Ba ya ɓoye cewa yana da tasa buƙatar. Kowane kaset aka kawo, sai ya tambayi shekara da unguwa. Kwanan baya Hajiya Hawa, wadda danga ɗaya ta raba gidansu da na Inna Shekara, ta kawo wani da ta tsinta a akwatin marigayi mijinta Lawwali. Ita ta aika masa shi Kano a shekarar yunwar, shi kuma Allah ya sa bai ɗora amsa a kai ba. Ladi na zaure ranar, ta kawo wa yayanta fura. Aka sa, ga Hawa tana yarinya tana kai ƙarar tsadar hatsi. Can a tsakiya, daga nesa, wata murya ta ratso.

“Hawa, akwai wuta? Tawa ta mutu.”

Ladi ta dire ƙwaryar. “Inna ce! Yaya, wallahi Inna ce!”

Hajiya Hawa ta ce, “Yo wa zai nemi wuta ta kan dangata in ba Shekara ba? Ita ce, Malam.”

Malam Inusa ya mai da zaren baya, ya sake sawa. Ya ƙara sauti, ya rage, ya sa abin ji a kunne ya rufe ido. Ladi tana kuka tana kallonsa, tana jiran ya taya ta. Sai ya cire abin daga kunne.

Ya ce, “Ladi, ban gane ta ba. Na ɗauka ina riƙe da ita a kaina duk shekarun nan. Ashe maganganun na riƙe, muryar ta tafi.”

“To ba ga ta ba? Ni na shaida, Hajiya ta shaida.”

“Na yarda da ku. Amma ni kunnena bai shaida ba. Da zan sami wani kaset ɗin, ko guda, in ji ta tana faɗa ko tana dariya, in haɗa da wannan, wataƙila ta dawo mini.”

A aikinsu haka aka koya masa, alama ɗaya ba ta isa a ce an gani, sai ta sake bayyana. Na so in ce masa ya bar dokar Turai a Turai, amma na dubi fuskarsa na fasa. Ba taurin kai ba ne, kewa ce. Ya juye muryar a wuri uku, ya ba Ladi ɗaya, ya kira mai bi a layi.

Mun gode, ɗan Shekara. Mun gode da sunan Matameye da ka riƙe da mutunci a inda ba wanda ya san ta, mun gode da iyayenmu da ka dawo mana da su suna magana. Allah ya saka maka, ya ba mu damina, ya jiƙan Inna.

Ku kuma jama'a, ku yi koyi da shi tun da sauran lokaci. Wanda tsohuwarsa ke raye, ga salula a aljihunsa, ya je yau ya zauna kusa da ita ya bar ta ta yi ta faɗa, ya ajiye a wuri biyu. Wanda kuma ke da tsohon kaset da aka ɗauka a lungun bayan tasha, unguwar su Inna, kafin yunwar 1984, ko na biki ne, ko na suna, ko na rigimar akuya, don Allah ya duba ƙasan akwati ya kawo. Ladi ta ce Inna Shekara mace ce mai ɗaga murya, ba ta iya magana a hankali ba. Dole akwai wanda ya ɗauke ta bai sani ba.